Filin Lafiyar Iyali: Maganin Da Ke Cikin Tukunyar Miya

A wannan fitowa za mu leƙa madafa, domin sau da yawa abin da muke nema a kantin magani yana nan jibge a Kasuwar Kilomita Biyar, muna wuce shi ba mu ko waiwaya.

Mutanen ƙasar Sin sun daɗe da gane haka. Wani babban likitansu mai suna Sun Simiao, wanda ya rasu a shekarar 682, ya koyar da cewa likita ya fara gyara abincin majinyaci, sai in hakan bai wadatar ba ya koma ga magani. Har yau a lardin Kanton da ke kudancin ƙasar, idan iska ta bushe maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, uwargida kan dafa wani ganye mai tsirowa a ruwa tare da nama da busasshen dabino irin nasu, ta bar shi a wuta awa biyu ko uku, kowa ya sha romon. Su a ganinsu wani abinci na ɗumama jiki, wani na sanyaya shi.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Kakanninmu sun zo da kuka da zogale da rama da yakuwa da lalo, suka tarar da ngunza, wato miyar ganyen rogo, da koko a wajen maƙwabtanmu. Binciken zamani ya tabbatar da cewa ganyen kuka na da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, zogale kuma na da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A mai kare ido. Ba mu manta da shekarar 2014 ba, lokacin da fita daga unguwar nan ya zama kasada. Gidan da ke da bishiyar zogale a tsakar gida, tukunyarsa ba ta rasa ganye ba, har maƙwabta suka samu.

Abin takaici shi ne yau 'ya'yanmu sun fi son shinkafa da mai da dunƙulen ɗanɗano, suna kiran miyar ganye abincin talaka. Ga mata masu juna biyu kuwa suna fama da jiri da kasala, a je awo a ce jini ya yi ƙasa.

Sai dai ganye ma yana da ƙa'ida. Na farko, ganyen rogo na ɗauke da guba, dole a daka shi a tafasa shi sosai, tukunya a buɗe. Na biyu, a rage kanwa, domin tana kashe wasu bitamin. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya ma tun a shekarun 1970 suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na uku, alayyafo da zogale ba sa son doguwar dahuwa, a zuba su daf da saukewa, kada kuma a zubar da romon. Na huɗu, a matsa lemun tsami a kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya tsotse sinadarin ƙarfe, shayi kuwa hana shi yake yi, saboda haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Amma kada a ɗora wa miya kayan da ba nata ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama daka kuka. Su kansu mutanen Sin, maganin zazzaɓin da Tu Youyou ta ciro daga ganyen tazargade a 1972, wanda ya ba ta lambar Nobel a 2015, sai da aka tace shi aka auna kafin a ba majinyata.

Ga roƙonmu ga magidanta: a dasa zogale ko da ɗaya ne a gida, a kuma ware kuɗin ganye a cefane. Iyaye mata kuma a koya wa yara, maza da mata, yadda ake kaɗa miyar kuka. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.