Laiden Ba Ɓarauniyar Littattafai Ba Ce

Na gaji da jin wata magana a bakin wasu 'yan boko da wasu malamai, wai duk littafin Larabci da ke jibge a birnin Laiden na ƙasar Holan sato shi aka yi. Ni dai ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A 1574 sojojin Sifen suka yi wa garin ƙawanya, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane, amma suka ƙi miƙa wuya. Ranar 3 ga Oktoba aka cece su, shi ya sa har gobe suke bikin ranar da kifi da farin burodi. Wata huɗu bayan haka, a Fabrairun 1575, aka buɗe jami'a, ta farko a ƙasar. Jama'a, garin da bai gama binne gawarwakinsa ba ya fara da gina makaranta!

A 1613 Thomas Erpenius ya zama farfesan Larabci a can, ya wallafa littafin nahawun da Turawa suka yi ta karatu da shi kusan shekara 200. Sai Levinus Warner, jakadan Holan a Istanbul, wanda ya bi masu sayar da littattafai da kuɗinsa yana saye. Da ya mutu a 1665 ya bar wa jami'ar rubuce-rubucen hannu kusan 1,000. Wanda ya biya kuɗi a kasuwa, ta yaya ya zama ɓarawo?

A cikin kayan nan akwai Ɗauƙul Hamama na Ibn Hazm, babban malamin Andalus, littafin da ya yi a kan so da masoya. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, wanda aka kwafa a 1338, kuma yana Laiden. Daga shi aka buga littafin a 1914. Ku tuna, a Ishbiliya mai mulki Musulmi ne ya sa aka banka wa littattafan Ibn Hazm wuta. To, wa ya cuci malamin, mai ashana ko mai ajiya? A matsayina na marubucin littattafan soyayya, wannan tambaya tana ci mini rai.

Masu suka za su jefo sunan Snouck Hurgronje, malamin Laiden da ya shiga Makka a 1885, daga baya ya zama mai bai wa 'yan mulkin mallaka shawara kan yadda za su murƙushe Musulmin Aceh. Wannan gaskiya ne, kuma abin Allah wadai ne. Amma laifin mutumin da aka haifa a 1857 ba ya hawa kan wanda ya mutu a 1665.

Ga mu nan muna zagin Laiden, alhali rubuce-rubucen kakanninmu na ajami suna cikin buhu a soro, gara tana ci. Wanda bai iya adana takardar gidansu ba, ya daina jifan wanda ya adana ta wasu shekara 360.

Mai ja ya zo da hujja, ina jira.