Wi-Fi Na Kyauta: Wannan VPN Ɗin Da Ka Sauke Ba Zai Cece Ka Ba

Yau ba darasi kawai na zo da shi ba, faɗa na zo yi, kuma har da 'yan uwana masu rubutu kan fasaha zan haɗa.

Satin da ya wuce wani ƙanena da ke karatu a Dutse ya dawo gida Taura jiki ba ƙwari. Yana jiran mota ta cika ne ya buɗe Wi-Fi na wayarsa, sai ya ga wani ba makulli, an rubuta masa kyauta. Ya danna, wani shafi ya buɗe mai kalar Facebook sak, ya ce ya sa lambarsa da kalmar sirri kafin a ba shi intanet. Ya sa. Intanet bai zo ba, ya yi tsaki ya shiga mota. Kafin magariba an canza masa kalmar sirri, ana bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunansa wai ya yi hatsari a hanya a taimaka a turo kuɗi. Gwaggonmu ta tura. Da na tambaye shi ya aka yi haka, ka san me ya ce min? "Yaya, ai ina da VPN."

Wannan amsar ce ta sa ni rubutun nan. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu muka koya masa. Shafi nawa ka gani an rubuta "kafin ka hau Wi-Fi na jama'a ka kunna VPN, shi ke nan ka tsira"? Wannan shawarar ta tsufa, kuma yadda ake ba da ita a yau cutarwarta ta fi amfaninta.

Bari ka ji inda ta samo asali. A shekarar 2010 wani masanin kwamfuta mai suna Eric Butler ya fitar da wata 'yar manhaja, Firesheep. Da ita, duk wanda kuke kan Wi-Fi ɗaya da shi zai iya shiga Facebook ɗinka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba, domin a lokacin yawancin shafuka a fili suke tura bayanai, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. Tsoron ya yi daidai da zamaninsa. Amma duniya ta wuce nan. Facebook ya mayar da kowa kan https a 2013. WhatsApp ya rufe saƙonni daga waya zuwa waya a 2016. A yau sama da kashi 90 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa a Chrome a rufe suke tafiya. Mai Wi-Fi zai iya ganin sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan datar da ka sha. Amma hirarka ta WhatsApp ko abin da ka rubuta cikin shafin da ke da https, bai iya karanta su.

To tunda haka ne, ta ina ɓarawo yake shigowa? Ta hannunka, Malam. Ba ya fasa ƙofa, sallama yake yi ka buɗe masa. Zai kunna na'urarsa ya sa mata sunan da ya yi kama da na otal ko makaranta ko shagon da kake zaune, domin kowa na iya raɗa wa Wi-Fi ɗinsa sunan da ya ga dama. Sai ya shirya shafin ƙarya ya jira. A 2024 'yan sandan Ostireliya sun gurfanar da wani mutum da ya riƙa yin haka a filayen jirgin saman Perth da Melbourne da Adelaide, har da cikin jirgi yana sama. Abin da shafinsa ke nema shi ne imel ko asusun sada zumunta da kalmar sirri, daidai irin wanda ya ci ƙanena. In an yi wa masu hawa jirgi, kai da ke zaune a benci ranar Lahadi a kasuwar Gujungu me zai hana?

Ga kuma abin da masu tallar VPN ba sa faɗa maka. Wannan shafin da ke fitowa da zarar ka hau Wi-Fi, kafin intanet ya buɗe yake fitowa, shi kuwa VPN ba ya haɗuwa sai intanet ya buɗe. Ka ga a daidai lokacin da ake yi maka sata, mai gadin naka bai ma iso bakin aiki ba. Ko da ya iso, VPN hanya yake rufewa, ba ya hana ka miƙa wa ɓarawo makullinka da kanka.

Mun saba da VPN ne tun da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ga kuma samari masu neman hanyar hawa intanet ba data. Kowa ya sauke wanda ya samu, yawanci na kyauta. Ka taɓa tambayar kanka waye mai shi? Duk abin da ka ɓoye wa mai shagon Wi-Fi, ga shi ka ɗauka ka kai wa wani da ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba. A 2016 masu bincike na hukumar CSIRO ta Ostireliya da abokan aikinsu sun duba manhajojin VPN guda 283 na Android. Kashi 38 cikin 100 an samu alamun muguwar manhaja a cikinsu, kashi 18 kuwa ba sa ma rufe bayanan ko kaɗan. Shi kansa kamfanin Facebook ya taɓa raba VPN na kyauta mai suna Onavo, yana amfani da shi wajen leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa, har Apple ya sa aka cire shi daga shagonsa a 2018. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Na san wani zai ce, "kai kana da kuɗin data shi ya sa." Wallahi na san zafin. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ɗalibi mai neman sauke littafi ko bidiyon darasi dole ya nemi sauƙi. Starlink ya shigo Najeriya a 2023, masu shaguna suna sayar da tikitin awa ko na yini, kuma sana'a ce ta halal. Ban ce ka daina hawa ba. Ban kuma ce duk VPN banza ba ne, na kamfani sananne da ake biya yana da ranarsa. Cewa na yi ka san inda haɗarin yake, ka daina tsare taga alhali ƙofa a buɗe take.

Ga abin da za ka riƙe:

1. Ka tambayi mai wurin ainihin sunan Wi-Fi ɗinsa, harafi da harafi. In ka ga biyu masu suna iri ɗaya, ka nuna masa kafin ka danna.

2. Shafin shiga na gaskiya lambar tikiti zai nema, ko ya ce ka amince da sharuɗɗa. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin Facebook, Gmail, lambar katin ATM, BVN ko NIN, ka kashe Wi-Fi nan take.

3. Lambar OTP da ta shigo wayarka taka ce kai kaɗai. Babu Wi-Fi ɗin da ke buƙatar lambar da WhatsApp ko bankinka ya turo maka.

4. In aka ce sai ka sauke wata manhaja ko ka girka wata takardar shaida kafin a ba ka intanet, ka haƙura. Takardar nan ce za ta iya ba su damar karanta abin da https ya rufe.

5. In burauzarka ta nuna gargaɗi cewa haɗin ba shi da tsaro, kada ka matsa ci gaba. Sannan alamar kwaɗo ba shaidar gaskiya ba ce, shafin ɓarawo ma yana iya samunta. Adireshin za ka karanta da kyau.

6. Harkar banki ka yi ta da datarka. Tura kuɗi ba ya cin data mai yawa, minti biyu ne.

7. Kada ka miƙa wa mai shago wayarka a buɗe wai ya sa maka lamba. Ya karanto, kai ka rubuta. Haka nan wurin mai caji, ka kulle ta kafin ka bayar.

8. Ka kashe haɗuwa da kai a saitin Wi-Fi, in ka gama kuma ka sa wayar ta manta da shi, don kada gobe ta hau wani mai irin sunan tana aljihunka.

9. Mafi girma: yau ɗin nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da Gmail. Da ƙanena ya kunna, da kalmar sirrin kaɗai ba ta ishe su shiga ba.

In kuma mai afkuwa ta riga ta afku, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka koma kan datarka ka canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urorin da ba naka ba, ka canza ta a duk inda ka maimaita ta. In da bayanan banki a ciki, ka kira bankin su rufe katin da asusun kafin komai. Sannan ka buga wa 'yan uwa ka gaya musu kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Awa uku ƙanena ya yi yana tunanin yadda zai faɗa, a cikin awa ukun nan gwaggo ta tura nata.

'Yan uwana masu shafukan fasaha, mu ji tsoron Allah. Kafin ka ɗora wa mutane manhajar da kai kanka ba ka san mai ita ba don neman mabiya, ka tuna akwai wanda zai yarda da kai ya sa kuɗin auren 'yarsa ko jarin awakinsa a bayan maganarka.

Kai kuma mai karatu, kafin ka wuce rubutu na gaba, buɗe wayarka ka duba VPN nawa ne a ciki. Wanda ba ka san kamfaninsa ba ka goge shi, ka kunna mataki biyu, sannan ka karanta wa wani babba a gidanku lamba ta 2 da ta 3 da bakinka. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu.