Aikin Awa Guda Ba Ya Ɗora Tukunya

A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwa cewa a ƙarshen shekarar 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 daga cikin ɗari. A watan Agusta na 2023 kuma wannan hukuma dai ta fito da sabon lissafi, ta ce adadin ya tsaya a kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Wanda ya ji labarin daga sama sai ya yi tsammanin masaƙun Kaduna da na Kano ne suka farfaɗo a tsakanin nan. To, ba haka ba ne. Mudun awo aka sake, hatsin kuwa yana nan yadda yake.

Ya kamata jama'a su san yadda ake wannan awo. Ma'aikatan hukumar sukan shiga gidajen da aka zaɓa a jihohi, su tambayi mutane abin da suka yi a kwanaki bakwai da suka wuce. A tsohon tsari, ɗan shekara 15 zuwa 64 da ya yi aikin da bai kai awa 20 ba a mako, a cikin marasa aiki ake sa shi. Mai awa 20 zuwa 39 kuwa sai a ce aikinsa bai cika ba. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya kai shekara 15 ya kuma yi aikin awa guda tak a mako domin lada ko riba, ya zama mai aiki. Ke nan saurayin da ya gama jami'a, ya ari babur ɗin ƙanin ubansa ya yi acaɓa da safiyar Juma'a, layi ɗaya yake da babban sakataren ma'aikata.

Kafin a kira mutum marar aiki kuwa, sai ya cika sharuɗɗa uku: bai yi ko awa guda ba, yana shirye ya kama aiki, kuma ya nema a 'yan makonnin da suka wuce. Wanda ya gaji da yawon ofis-ofis har takalminsa ya suɗe, ya haƙura ya zauna, ya fita daga lissafin ɗungurungum. Haka manomin da ke noma don cin gidansa kawai, in bai fita neman aiki ba, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa shi.

Ba daidai ba ne a ce hukumar ƙarya ta yi. Ƙa'idar awa guda ta samo asali tun taron masana ƙididdigar ƙwadago na 1982, da ita kuma ƙasashe da yawa ke awo, wanda ya sa ake iya gwada wannan ƙasa da waccan. Amma rigar da aka ɗinka wa wani ba lalle ta zauna wa wani ba. A Ingila ko Jamus, wanda aikinsa ya ƙare yana karɓar kuɗin tallafi yayin da yake neman wani. A nan kuwa talaka ba shi da halin zama. In bai fita ya yi dako ko talla ko ga-ruwa ba, gidansa ba a hura wuta. Saboda haka ƙanƙantar adadin shaida ce ta matsi, ba ta wadata ba. Rahoton 2023 da kansa ya nuna fiye da kashi 90 na masu aikin suna sana'o'in da ba su da rajista, masu ɗaukar albashi kuwa ba su wuce kashi 12 ba. Hukumar nan ce kuma ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Wanda ya tuna turmutsitsin neman aikin Hukumar Shige da Fice na watan Maris 2014, inda aka rasa rayuka a filin wasa na Abuja, ya san ƙishirwar aiki ba tatsuniya ba ce.

Haɗarin shi ne mahukunta su riƙe kashi huɗu su kwanta barci, su tsara kasafin kuɗi kamar cutar ta warke. Wajibi ne duk lokacin da za a faɗi adadin marasa aiki, a haɗa shi da adadin waɗanda aikinsu bai ishe su ba, da waɗanda suka fid da rai, da abin da ma'aikaci ke samu a wata. 'Yan majalisa su nemi waɗannan alƙaluma jiha-jiha kafin su amince da kowane shirin samar da aiki, 'yan jarida kuma su daina buga adadi guda tsirara. Likitan da ya sake ma'aunin zafin jiki bai sauke wa majinyaci zazzaɓi ba. Allah ya sa masu riƙe da ragamar ƙasa su gane.