Wa Ya Kamata Ya Fara Zuwa?

Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram, washegari Asabar wutar ta kai Yamai. Zanga-zanga ce a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, ta juya a kan Kiristocin Nijar, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Hukuma ta ce mutum 10 suka mutu, majami'u 45 kuma suka ƙone a Yamai kaɗai. Kafin toka ta huce, shugabannin ikilisiyoyi da dama suka fito fili suka ce sun yafe. An yi sujada a cikin kango, an yi wa waɗanda suka kunna wutar addu'a. Wannan shaida ce mai kyau, ba kuwa mai rage mata daraja.

Amma akwai tambayar da ta cancanci a yi wa masu bi, ko da za ta yi ɗaci. Mutumin da ya iya yafe wa taron da bai san sunan kowa a cikinsa ba, me ya hana shi yafe wa wanda suke zama benci ɗaya kowace Lahadi? Akan sami dattawa biyu da suka daina gaisuwa tun zaɓen ma'aji. Akan sami mata biyu a zumuntar mata suna gaba saboda wata magana da ta fita a wurin biki. Wasu kuma iyakar gona ce, ko bashin damin gero tun bara waccan. Suna raira waƙa ɗaya, suna shan ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, ana tashi kowa ya bi ƙofa dabam.

In an tambayi ɗayansu, amsar ba ta sakewa: shi kam ya yafe a zuciyarsa, amma sai wancan ya zo ya same shi, gama shi ne mai laifi, ko kuwa shi ne ƙarami. Wannan magana ta zauna daram a bakin masu bi har ta zama kamar aya. Gaskiya kuwa girman kai ne ya sa rigar gafara. Mai faɗinta yana zaune yana jiran ranar da zai ga gwiwar ɗan'uwansa a ƙasa, muddin ranar ba ta zo ba kuwa, bashin yana nan a rubuce.

Ubangiji Yesu bai bar wa wannan dabara ƙofa ba. A Matiyu 5:23-24 ya yi magana da wanda ya yi laifi, ya ce masa ko baiko yake miƙawa ya dakata, ya tafi ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. A Matiyu 18:15 kuma ya yi magana da wanda aka yi wa laifi, shi ma ya ce masa ya tashi ya je wurin mai laifin, su biyu kaɗai. To, in mai laifi an ce ya je, wanda aka cuta shi ma an ce ya je, wa aka ba izinin zama ya jira? Ba kowa. Da dukansu biyu sun yi biyayya, da a hanya za su gamu.

Abin da ke nauyaya ƙafar mutum shi ne mantuwa da nasa bashin. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Misalin da ke ƙarshen Matiyu 18 ya bayyana wannan da lissafi. Sarki ya yafe wa baransa talanti 10,000, baran kuwa ya fita ya shaƙe abokin aikinsa saboda dinari 100. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Ashe bashin da aka yafe masa aikin shekara fiye da 160,000 ne ba hutun ko yini ɗaya, wanda ya ƙi yafewa kuwa aikin wata uku ne da ƴan kwanaki. Duk mai bin da ya tsaya gaban gicciye ya duba nasa lissafin, tafiya gidan ɗan'uwansa ba za ta yi masa nisa ba. Tawali'u ke nan: mutum ya san nawa aka yafe masa.

Wani zai ce ai al'ada ba ta yarda babba ya bi yaro ba, hakan zubar da girma ne. Girmama manya abu ne mai kyau, Littafi Mai Tsarki ma ya umarta, yaron da ya yi wa dattijo rashin kunya kuwa wajibi ne ya tuba. Amma dattijon ikilisiya yana da Ubangiji, Ubangijin nan kuwa shi ne ya ɗaura tawul a gindi ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahuza yana cikinsu (Yahaya 13). Ba wanda ya ji an ce girmansa ya zube a daren nan. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, tun kakanni an san haka. Dattijon da shekarunsa suka hana shi yin abin da Almasihu ya yi, ya ɗora kansa sama da Maigidansa ke nan.

Wani kuma zai ce irin wannan koyarwa ce ke ba macuta dama, a ci kuɗin baiko a ce a yafe, a ƙwace gonar gwauruwa a ce ta yi haƙuri. Wannan tsoro yana da dalili, gama an sha rufe ɓarna da sunan gafara. Amma gafara ba ta hana faɗin gaskiya. Ayar nan ta Matiyu 18 da ta ce a je, cewa ta yi a je a nuna wa mutum laifinsa, in ya ƙi ji a kira shaidu, in ya sake ƙi a kai gaban ikilisiya. Zakka ma da ya tuba, alkawarin mayar da ninki huɗu ya yi (Luka 19:8). Wanda ya ci amana sai ya biya, kada kuma a sake ba shi makullin akwati. Abin da aka hana shi ne ƙullin zuciya, da yawo da maganar gida gida, da murna in mugun abu ya same shi.

Masu bi a Nijar ba su da yawan da za su yi wasa da wannan. Ba su kai kashi 2 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, aka yi shekaru ana shuka da hawaye a Tsibiri da Maraɗi da Galmi kafin a sami ikilisiya ta ƴan ƙasa. A wajen shekarar 1990 ikilisiyar nan ta rabu gida uku. Ko wa ke da gaskiya a lokacin, kowa ya ga abin da rabuwa take ci: dangi ɗaya su koma majami'a biyu, maƙwabta kuma suna kallo suna tambaya ina ƙaunar da ake wa'azi. Yara ma suna lura. Yaron da ya ga ubansa ya kau da kai daga wani dattijo shekara goma, ya riga ya koyi darasin da malamin makarantar Lahadi ba zai iya gogewa ba.

Saboda haka kada mai bi ya ƙara fakewa da cewa ya yafe a zuciya alhali bakinsa ya ƙi gaisuwa. Ya san sunan mutumin, ya san ƙofar gidansa. Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, bari ya ɗauki takalminsa da maraice ya je ya yi sallama, ba da ɗan rakiya ba, ba kuma da jerin tsofaffin laifofi ba. Mai yiwuwa a karɓe shi, mai yiwuwa a bar shi tsaye a zaure. Manzo Bulus ya san da haka, shi ya sa a Romawa 12:18 ya ɗora wa kowa iyakar abin da ke hannunsa kaɗai. Amsar da za a ba shi tana hannun ɗan'uwansa, zuwan kuwa yana hannunsa.