Zuwa ga majoji da ma'aikatan jinya na Arewa, kan tsoho mai ciwon sukari da ya fara mantuwa

Ƴan'uwa, na Dogon Dutsi da Tibiri, da ku da ke riƙe da likitocin Matankari, Dankasari, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa.

Mun saba duba ƙafar mai ciwon sukari, mu tambayi lafiyar idonsa. Amma in ɗa ya ce, "Baba fa jiya ya ɓace tsakanin masallaci da gida," sai mu ce gigin tsufa ne, mu kira na gaba. A gida kuwa, wani zai ce iskoki ne, wani ya ce jifa aka yi masa. Alhali sukarin nan da muke aunawa a ɗan yatsa yana da hannu a ciki.

Tun 1999 wani bincike kan dubban tsofaffi a Rotterdam ta ƙasar Holan ya nuna haɗarin lalacewar ƙwaƙwalwa ya kusa ninkawa ga mai ciwon sukari. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa shi cikin abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan lalura. Ɓarnar da sukari ke yi wa ƙananan hanyoyin jini a ido da ƙoda, ita yake yi a ka. In hawan jini ya haɗu da shi, sai su riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya: tsoho bai faɗi ba, baki bai karkace ba, amma hankali na zubewa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi damuna dai maganin da muke rubutawa da hannunmu ne. Glibenclamide na da araha, shi ya sa ya yaɗu, amma yana daɗewa a jiki, ƙodar tsoho kuma ba ta da saurin fitar da shi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta sa gliclazide a jerin muhimman magunguna. Ku dubi yadda abin ke faruwa. Tsoho ya sha ƙwaya da asuba, ya manta, hantsi ya sake sha. Ko ya sha ya saɓa hauya ya tafi gona da damina, ba abin da zai shiga cikinsa sai furar azahar. Sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70, gumi ya karyo, jiki na ɓari, yana sambatu, yana faɗa da kowa. Binciken da aka buga a 2009 kan tsofaffi a Kaliforniya ya gano waɗanda irin wannan faɗuwa ta taɓa kai su asibiti sun fi shiga lalacewar ƙwaƙwalwa daga baya. Mantuwa ke jawo faɗuwar, faɗuwar kuma ta ƙara mantuwa.

Don haka duk tsohon da aka kawo a ruɗe, a fara da huda yatsa. In kayan awo sun ƙare, kuma yana iya haɗiya, a jiƙa masa ƙwayar sukari uku. In a sume yake, kada a ɗura masa komai ta baki, a sa masa ruwan sukari ta jijiya. Ruɗewar kwana biyu ko uku kuma a nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a bazara. Ta watanni ita ce wadda muke magana a kai, ita ma a tuna metformine in an daɗe ana sha yana rage bitamin B12.

Gwajin mantuwa ba ya buƙatar na'ura. Ku faɗa masa gero, akuya, rijiya, ku ci gaba da awo, bayan minti biyar ku ce ya maimaita. Kada ku tambaye shi kwanan watan Nasara, wannan ko mai cikakken hankali a ƙauye zai iya kasawa. Ku tambaye shi ranar kasuwar garinsu. Sannan ku ce ya fito da ƙullin ledar maganin da ke aljihun rigarsa, ku ƙirga ƙwayoyin. Ledar ta fi bakinsa faɗin gaskiya.

In kun ga alama, ku rubuta a karne sunan mutum guda, mata ko ɗiya ko suruka, wanda magani zai zauna a hannunsa, ana bayarwa tare da abinci. Kada ku matsa sai sukarin ɗan shekara 75 ya yi daidai da na saurayi. Maganar azumi a yi ta tun cikin Sha'aban, da iyalin gaba ɗaya. In ɓarin jiki ya saki ko harshe ya yi nauyi farat ɗaya, a tura Doso ko Yamai a ranar. Kuma ku gaya wa iyali a fili cewa babu ƙwaya ko saiwa da ke dawo da tunanin da ya riga ya tafi, tun kafin su sayar da awakinsu suna nema.

Naku, wani abokin aiki a Arewa.