Yini Guda A Tsibirin Gore

Duk wanda tafiya ta kai shi Dakar, babban birnin Senegal, ya kyautu ya ware yini guda domin tsibirin Gore. Daga tashar jiragen ruwa ta birnin tafiyar kamar minti 20 ce. Mai dabara yakan yi sammako ya shiga jirgin safe, tun rana ba ta take ba.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai cika kilomita guda ba, kuma da ƙafa ake zaga lungunansa, domin ba a hawan mota a cikinsa. Amma ba shan iska kaɗai ke kai mutane can ba. Akwai Gidan Bayi, wanda aka gina wajen shekarar 1776, mai ƙuntatattun ɗakuna da wata ƙofa mai fuskantar teku. Masana tarihi sun saɓa a kan yawan bayin da aka fitar ta nan, amma ba mai musun an yi cinikin 'yan Adam a tsibirin. Saboda haka a 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Da yamma jirgi kan komo da baƙi Dakar. Bayin da aka ɗiba daga Gore kuwa, ba su sake ganin gida ba.