Sharhi: Yawon Buɗe Ido Da Yara A Washington, Kwaɗayi Mabuɗin Wahala

A ranakun hutu, akan ga iyalai a tashar jirgin ƙasa ta College Park da ke jihar Maryland, suna haramar shiga birnin Washington. Layin Green kan kai su tashar L'Enfant Plaza cikin kimanin rabin sa'a, kusa da gidajen tarihi na cibiyar Smithsonian, wadda aka kafa a 1846.

Shiga waɗannan gidaje kyauta ne, kuma a nan ne magidanta da yawa ke yin kuskure. Da mutum ya ji ba a biyan ko sisi, sai ya ɗaura aniyar zaga gida huɗu ko biyar a wuni guda, ya kuma ƙara da Fadar White House. Alhali daga ginin majalisar dokoki zuwa dandalin tunawa da Lincoln tafiyar kimanin kilomita 3 ce. Kafin la'asar, ƙaramin yaro ya koma bayan uwarsa yana kuka, babban kuma ba ya tuna komai sai ciwon ƙafa. Yaron da aka wahalar haka, da wuya ya sake marmarin gidan tarihi.

Kamata ya yi a zaɓi wuri ɗaya ko biyu, a kuma bar yara su sa baki. Mai son jirage a kai shi gidan tarihin sufurin sama, inda aka ajiye jirgin 'yan'uwan nan Wright na 1903, amma sai an tanadi takardar shiga ta intanet tun daga gida. Gidan kayan fasahar Afirka kuwa, dama ce ga uba ya yi wa ɗan da aka haifa a Amurka bayanin nahiyar kakanninsa. A riƙe ruwa da guzuri, a kuma tuna cewa an hana ci da sha a cikin jirgin.

Ba ma dole ne a shiga birni ba. A College Park ɗin akwai filin jirgin saman da Wilbur Wright ya koyar da hafsoshin soja tuƙi a 1909, da gidan tarihi a gefensa.

Sauran wuraren suna nan, ana iya komawa wani makon. Masu iya magana dai sun ce sannu ba ta hana zuwa.